Filashin Janar

Ni mai walda ne, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Ƙanena, wanda muke kira Janar saboda jarabarsa da wasannin yaƙi, ga gemu ga mata, amma in ya ga wasa sai ya koma yaro.

Ina da wata kwamfuta, 'yar siririya mai araha, nauyinta bai fi na faranti ba. Saboda muryar Inna nake lallaɓa ta. Kafin Inna ta rasu ta yi wata biyu a kwance, tana magana ina ɗauka a waya: addu'o'i, faɗa, har da waƙar da take yi mana muna ƙanana. Na kwashe duka na zuba a kwamfutar, daga baya wayar ta faɗa ruwa ta mutu. Duk duniya babu inda muryar ta rage sai nan.

Janar ya ishe ni da naci sai na ara masa. Wai akwai wani wasa na kyauta, kowa na iya saukewa har ya gyara shi yadda yake so, a gina gari, a tara runduna, a far wa maƙwabta. Ya sa, abu ya ƙi. In ma ya tashi, sojojin suna jan ƙafa kamar masu ciwon gwiwa, kwamfutar ta ɗau zafi ta ɗauke. Ya ce tsarin da ta zo da shi ne ya yi mata nauyi, sai an goge komai an sa mara nauyi. Na ce in ya taɓa muryar Inna sai na karya shi. Ya yi dariya, ya kwafe ta a filashi a gabana, ya kunna ɗaya muka saurara. Na tafi aiki.

Da la'asar na dawo, tun daga ƙofa nake jin ihun yaƙi. Wasa ya tashi, ba ko gargada. Mahayansa sun fasa ƙofar wani gari, suna saran manoma a gonakinsu, an cinna wa rumbuna wuta, gawa a kan gawa. Shi kuwa baki har kunne, yana nuna min yadda ya rage inuwa da hasken ruwa don abin ya yi gudu.

Na ce ya ba ni filashin. Ya miƙa hannu zai zaro shi, sai hannun ya tsaya.

Ashe filashi ɗaya gare shi. A kansa ya zuba sabon tsarin don ya sa wa kwamfutar, kuma wannan aikin sai ya share duk abin da ke cikin filashin. An ma tambaye shi ko ya yarda, ya danna e bai karanta ba, yadda ya saba.

"Yaya, wallahi na manta," in ji shi.

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na haɗa kansa da bango, na kai masa naushi a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗi a siminti. Bai rama ba, ko hannu bai ɗaga ba, hakan ya ƙara tunzura ni. Jini na zuba a rigarsa, su kuma 'yan iskan sojojin nan suna ta shewar nasara. Na fizgi kwamfutar na maka ta da ƙasa, na ɗauko gudumar aikina na bi ta, sau uku ko huɗu, har ta yi shiru.

Washegari, da zuciya ta sauka, na kwashe tarkacen a leda na kai wa mai gyara. Janar ya biyo ni da kumburarren baki, ban kore shi ba. Mai gyaran ya saurari labarin yadda aka goge muryar, ya tona da ɗan tsinke, ya ɗago wani baƙin abu kamar farce, a tsage gida biyu. Ya ce a nan komai yake zama, kuma sabon tsarin ƙarami ne, da wuya ya cinye wurin duka.

"Da a raye ka kawo ta, da mun gwada. Sau da yawa ana samun abin da aka goge. Wa ya yi mata haka?"

Janar ya ce faɗuwa ta yi daga tebur.