Kujerar da Lazar Ya Sauko da Ita

Ranar Lahadin zaɓe Metodi ya mutu, sanye da kwat ɗin da matarsa ta tanada don binne shi.

Da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa da sanda. Lazar, tsohon malamin tarihi, ya buɗe da littafi a hannu, ya ƙare masa kallo.

"Biki za ka ko kabari?"

"Zaɓe. Sa takalminka, malam, ka zo ka kashe mini ƙuri'a."

Haka suka saba tun faɗuwar tsohuwar gwamnati. Tare suke tafiya, kowa ya zaɓi jam'iyyar da ɗayan ya tsana, su dawo su sha rakiya, barasar ƙasarsu, suna zagin juna. Amma tun da Nevena, matar Lazar, ta cika a barandar asibiti tana jiran likita, bai ƙara leƙa rumfar zaɓe ba.

"Na karance tarihin ƙasar nan kaf," in ji Lazar. "Ɓarawo ya sauka, ɓarawo ya hau. Koma ka kwanta."

"Ubana da ɗan sanda a bayansa ya yi zaɓe, takarda ɗaya, suna ɗaya. Ni da ƙafata zan je in zaɓi ɓarawon da na ga dama."

Stoyna, matar Metodi, ta leƙo, idanunta jajir. "Maƙwabci, yi masa magana. Likita ya hana shi matakala. Na ce a kawo masa akwatin zaɓe gida, ya ƙi."

"Akwati ɗaya za a kawo mini gidan nan, uwargida, na gawa, kuma ba yau ba."

A hawa na biyar suke, lif kuwa, na'urar hawa bene, ya lalace tun zaɓen baya da aka yi alkawarin gyara shi. Lazar ya ja tsaki, ya ɗauko kujerar kicin, wadda Nevena ke zama a kai tana feraye dankali. Kowane hawa sai ya ajiye ta, Metodi ya zauna yana numfashi kamar zuga-zugin maƙeri.

"Duk wannan wahala don wani mai tumbi ya sayi sabuwar mota."

"Yi shiru ka ɗauki kujera. Karatu ya ɓata ka."

Sun kai harabar makarantar da ake zaɓen, Stoyna na biye da su da kwalbar ruwa. A gindin matakalar shiga Metodi ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa, ta ƙi. Ya koma kan kujerar, leɓɓansa sun yi baƙi, katin shaidarsa a hannu.

"Bari in kira motar asibiti," Lazar ya ce.

"Stoyna ta kira. Kai shiga. Kada a ce benenmu ba wanda ya zo."

"Ka san wa zan zaɓa."

"Na sani, jakin nan naka mai tabarau. Je ka."

A bayan labule Lazar ya daɗe yana kallon takardar. Ga jam'iyyarsa ta da. Ga ta Metodi can ƙasa, wadda ya shekara talatin yana kira taron kuraye. Ya danna biro a kan ta Metodi, ya ninke, ya jefa.

Ya fito da sauri, maganar tana bakinsa: "Tsohon banza, na zaɓar maka ɓarawonka, sai ka biya kuɗin rakiyar da za mu sha."

Mutanen layi sun yi cirko-cirko, maza sun cire huluna. Stoyna na durƙushe tana gyara wa mijinta wuyan kwat, a hankali, kamar za shi unguwa. Katin ya faɗi ƙasa kusa da ƙafar kujerar.

Lazar ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi da hannun rigarsa, ya mayar masa a aljihu.