Kwaɗo a Ƙofar Lambu

Ni na kawo kwaɗon. Gara in faɗa tun yanzu, don duk mai ba da labarin nan a unguwarmu Kawu yake ɗora wa laifi, alhali hannuna dumu-dumu yake a ciki. Kwaɗon ma na shagona ne, wani ƙato da nake rufe ƙofar baya da shi.

Lambun shaƙatawar yana tsallaken titi, daidai ƙofar shagon ɗinkina. Da can juji ne, wari ya hana mu sakat. Kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya yi ritaya daga aikin awon filaye, shi ya tara mutane aka kafa ƙungiya, aka je hukumar birni aka karɓo izinin kula da wurin. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Shi ne shugaba. Mai Kemis na kwanar layi mataimakinsa, ni kuma sakatariya, ba don na fi kowa ilimi ba, sai don a shagona ake taro kuma ni ke da biro mai rubutu. Masu walda suka yi mana shinge da lilo, ma'aikatan jinya na asibitin bayanmu suka kawo dashen furanni, wani mai tankar ruwa yana cika mana tanki duk sati, ko godiya ba ya tsayawa ji.

Kawu mutumin kirki ne, amma a kan ciyawa ba shi da ɗan'uwa. Sai ka gan shi ya durƙusa yana shafa ta, yana mata magana ƙasa-ƙasa. Matarsa ta taɓa ce min, da zai riƙa tambayar lafiyarta rabin yadda yake tambayar ta ciyawar nan, da ta ƙara ƙiba.

Ran nan sai ga takarda daga hukuma. Izininmu zai ƙare a ƙarshen wata. 'Yan kasuwa sun shigar da buƙata a mai da filin wurin ajiye motoci. Za a turo a duba wurin kafin a yanke hukunci.

Muka zauna mu tara a shagona, wasu a benci, wasu a kan bandir ɗin yadi. Sau biyu aka taɓa sabunta mana izini, kuma mun san yadda ake yi: manya su zo a mota, su zaga, su shinshina fure, a ɗauki hoto, su tafi. Kawu ya miƙe ya ce ciyawar tsakiya duk ta ƙoƙe, ƙafafu sun cinye ta, ba za a nuna wa baƙi sanƙo ba. A rufe lambun sati uku, a watsa sabon iri, a yi fenti, ranar da manya za su zo a buɗe musu su ga abin mamaki.

Mai Kemis ya cire tabarau ya ce, “Shugaba, lambu ba mutane? Su je ina?”

“Sati uku ne fa, ba shekara uku ba. Su yi haƙuri.”

Aka ɗaga hannu. Huɗu da huɗu. Duk suka juyo suna kallona, Kawu ma ya zuba min ido, irin kallon nan na “ni na ɗauke ki a kafaɗa kina ƙarama.” Na ɗaga hannu. Har da rawar jiki na shiga ciki na ɗauko kwaɗo.

Washegari da safe na ga abin da ya kamata ya dawo da ni hankalina. Akwai wani tsohon direban bas da shanyewar ɓarin jiki ta kama, kowa Direba yake ce masa. Likita ya ce ya riƙa takawa, to kullum da safe matarsa takan riƙo shi su shiga lambu, ya taka daga ƙofa zuwa gindin mangwaro ya dawo, sau uku. Suka iso suka tarar da kwaɗo da allon sanarwa, da rubutuna raɗau a jiki. Matar ta karanta, ta waiwayo ta kalli shagona. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan keken ɗinki kamar zare ne ya sarƙe.

Lambu dai ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Ciyawa ta tsiro kore shar. Kawu kaɗai ke shiga da tiyonsa, ya kulle kansa a ciki. Masu karanta jarida suka koma bakin shagon aski, ma'aikatan jinya suka riƙa cin abincin rana a tsaye a barandar asibiti, yara suka dawo buga ƙwallo a kan titi, masu mota na ta zaginsu. Mai Kemis ya daina gaishe ni da fara'a. Ko a jikina.

A kwana na goma sha bakwai wata mata ta zo, da jaka a kafaɗa da takalmi mara tudu, ta ce ko zan ba ta aron kujera ta zauna a inuwar barandata, aiki take yi. Na ba ta. Ta zauna tun safe har yamma tana kallon tsallaken titi. A hannunta akwai wani ɗan ƙarfe mai maɓalli, tana ta juya shi, ban taɓa jin ta danna ba. Washegari ta dawo. Na ce a raina ko mai binciken cunkoson motoci ce, ko kuma mijinta take wa kwanto, Allah ya ba da sa'a.

A rana ta uku bakina ya kasa haƙuri. Na kawo mata ruwa, na ja kujera, na shiga zuba. Na ce ta ga lambun can? Namu ne. Ni ce sakatariya. Na ba ta labarin juji, da masu walda, da dabarar rufe ƙofa, har na nuna mata kwaɗona daga nesa ina alfahari.

Ta ajiye kofin a hankali. “Anti, kina nufin ku kuka rufe shi? Da kanku?”

“Da hannuna ma. Manya za su zo dubawa.”

“Ba wasu manya da za su zo. Ni ce.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta buɗe jaka ta ciro takarda mai layi-layi da tambarin hukuma a sama. Ta ce bana an canza tsari. Tunda akwai masu neman filin, abin da hukuma ke son sani shi ne mutum nawa ke amfani da shi. Ana zuwa ba sanarwa, a ƙirga masu shiga kwana huɗu. Ta nuna min da ɗan yatsa. Rana ta farko, sifili. Ta biyu, sifili. Ta uku, ba ta rubuta ba tukuna, amma me za ta rubuta?

Na ce, “Amma ai kin ga akwai mai shiga kullum.”

“Baba mai tiyo? Ma'aikaci ne, ba na ƙirga ma'aikata.” Ta mayar da takardar. “Bai kamata in gaya miki ba, amma kwana uku ina shan ruwanki. Gobe ce ta ƙarshe. Kuma don Allah kada ku kwaso min mutane a mota, na san fuskar wanda aka roƙo ya zo.”

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba, tef ɗin awo yana wuyana, wani mai babur ya ce min ko na gaji da duniya ne. Na riƙa bubbuga ƙofar lambu har Kawu ya taho yana faɗa, wai zan ɓata sabon fenti. Ta tsakanin ƙarafa na gaya masa komai.

Ruwa na ta zuba daga tiyo a kan takalminsa. Can ya ce, “Ciyawar nan jaririya ce. In aka hau ta yanzu ta mutu. Ko kwana biyar a ƙara mata.”

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar na ɗaga. Na ce, “Haba Kawu! Kwana biyar? Siminti za a malala a kanta! Kana so ka tsaya a nan kana karɓar makullan motocin mutane? Mu muka kori jama'a, ni da kai, mu muka rubuta wa 'yan kasuwa takardarsu da hannunmu!” Sai kuka ya ƙwace min, a bakin titi, da girmana.

Ya je ya kashe famfo, ya naɗe tiyo tsaf yadda ya saba, sannan ya laluba aljihu. Ya buɗe kwaɗon ya miƙo min. “Ungo abinki,” ya ce. Ya wangale ƙofar duka ɓangare biyu.

Na ɗauka shi ke nan, da an ga ƙofa a buɗe za a yi ta tururuwa. Ina! Washegari ƙarfe tara ta yi, matar hukuma tana kan kujerarta, mutum uku kacal ta danna wa ƙarfenta, biyu ma ratse suka yi don su gajarce hanya. Masu jarida suna bakin shagon aski suna kallon ƙofar, suna kallonmu, ba wanda ya motsa. Mai Kemis ya zo ya tsaya kusa da ni. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Kawu ya kakkaɓe hularsa ya ce, “Taso ki raka ni.”

Gidan Direba muka je, a bene na farko, ɗaki biyu da ɗan falo. Matarsa ta buɗe, ta amsa gaisuwa a daƙile. Direba yana kwance a doguwar kujera, sandarsa jingine da bango. Ta ce sun gwada takawa a bakin titi, keke ya kusa kwashe shi, tun ranar ya ce ba ya sake fita. Ƙafar ta ƙara sandarewa.

“Mun ji labari ai,” ta ce. “An ce ƙirga mutane ake yi. Shi ya sa aka tuna da mu.”

Na buɗe baki zan yi kwana-kwana, Kawu ya ɗaga min hannu.

“Gaskiya kika faɗa,” ya ce. “Da ba don ƙirgar nan ba, da har yanzu ina can ina ganin daidai na yi. Na yi kuskure, na cuce ku. Ban zo in ce ku fito yau ba. Na zo in gaya muku, muddin wurin nan yana hannunmu, ba za ku sake tarar da shi a kulle ba.”

Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin kalmar kuskure ta fito daga bakin Kawu a kan kansa ba. Matar ta kau da kai. Direba ya juyo ya ce da harshensa mai nauyi, “Mangwaron ya yi fure?”

Kawu ya ce, “Ya yi, har ya fara ɗaure 'ya'ya.”

“To miƙo min sandar can.”

Saukowa daga benen nan ta ci kusan minti ashirin. Matarsa a dama, Kawu a hagu, ni a baya da kujerar roba ko zai gaji. Haka muka bi layi muna jan ƙafa, duk unguwa na kallo. Da muka zo daidai shagon aski, wani cikin masu jarida ya ce, “Shugaba, yau kai ne kwandasta?” Aka kwashe da dariya, Direba ma ya yi tasa ta gefen baki. Sai ga su sun naɗe jaridu sun biyo mu.

Daga nan ban iya riƙe lissafi ba. Da rana ma'aikatan jinya suka fito da kulolinsu. Mata masu goyo suka baje a inuwa. Da aka tashi daga makaranta kuwa, yara suka kwararo da gudu, kai tsaye tsakiyar fili. Na saci kallon Kawu. Ya runtse ido kamar an taka masa ɗan yatsa, ya juya ya shiga tsintar leda. Daga barandata ina jiyo ƙarfen matar nan, ƙas, ƙas, ƙas, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Izinin ya fito bayan sati shida, na shekara uku, da sharaɗi a rubuce cewa ba a kulle ƙofa da rana. Amma a yammacin nan ba mu san haka ba. Matar hukuma ta tsallako ta same mu a gindin mangwaro ta ce ta samu mutum ɗari da tamanin da shida. Sifilin kwana uku yana nan, ba za ta goge ba, amma akwai gurbin bayani a ƙasa, za ta rubuta abin da ta gani da idonta. Hukunci ba nata ba ne.

Kawu ya yi mata godiya. Sai ya ce, “'Yata, a cikin ɗari da tamanin ɗin nan, ina ciki?”

“A'a, Baba. Tun safe aiki kake yi.”

Ya dubi ledojin da ke hannunsa, ya miƙo min su. Ya taka zuwa bencin da Direba ke hutawa, ya ce masa ya ɗan matsa. Ya zauna a ɗofane, kamar baƙo a falon surukai, sannan a hankali ya jingina, ya miƙe ƙafafu. Matar ta danna ƙarfenta sau ɗaya.

Na tsaya da shara a hannu ina jiran ya tashi, don na san shi, minti biyu ba ya yi a wuri guda. Bai tashi ba. Ya bi yaran da kallo, ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka rufe shi.

“Ke,” ya ce min, “ashe bencin nan yana da daɗin zama.”