Koriyar Rigar Sallau

A shekarar fari, maƙwabcinmu Sallau ya ba da akuyarsa ta ƙarshe a kasuwar Mirriya, ya karɓo rigar soji koriya shar. Wai da ita zai saje da daji, iyalinsa su ci nama.

Matarsa Zuliha ta ce, "Maigida, wane ganyen ya rage da za ka saje da shi?"

Ya yi tsaki, ya saɓi bindiga. Daji kuwa fari fat, barewa ta hango shi tun daga nesa, ta yi gaba. Awakin gari kaɗai rigar ta ruɗa. Yana kwance yana dako, suka cinye mata hannu guda.

Da ya dawo, Zuliha ta ce, "Sannu da farauta. Da tamu ce ta ci, ai da mun samu nono."