An Sallami Auta

"Gobe za a sallame ta," in ji nas ɗin, tana naɗe robar ƙarin ruwa.

Maƙwabciyata Maman Auta ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Wata biyu ke nan ina raka ta ɗakin yara na asibiti, inda 'yarta mai shekara bakwai take kwance da ciwon ƙoda. Nas ta nuna mana yadda ake auna magani da sirinji da yadda ake juya yarinya a gado. Na tambayi ranar da za mu dawo. Ta ce, "Likita zai yi magana da babanta."

Shi kaɗai aka kira ofis. Da ya fito ya ce, "Sauƙi ya samu, ku haɗa kaya." Ni da nake taƙamar ba a yi min rufa-rufa, ban ko kalli idonsa ba.

A gida Maman Auta ta ɗaura ɗamara. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, komai ina ji.

"Tashi ki taka, Auta. Likita ya ce kin warke."

"Umma, ƙafata nauyi."

"Lalaci ne. Ba zan goya ƙatuwar budurwa ba."

Kwana tara yarinyar tana roƙon a goya ta, uwar tana ƙi, wai kada ta sangarce. Rana ta goma da hantsi ta cika a kan tabarma, uwar tana shanya.

Ranar uku muna tsakar gida, muryar baban ta shigo daga wurin maza. "Ai tun a asibiti likita ya ce sun sallama, a kai ta gida cikin 'yan'uwanta. Na ga ba amfanin tayar wa mace hankali."

Wallahi sai da na ji kamar in fita in shaƙe shi. Maman Auta ba ta yi kuka ba. Da ya shigo ta ce, "Baban Auta, ka sani? Kana ji tana cewa in goya ta, ka sani?"

"Don ke na yi."

"Bayana ne. Da ka bar ni na ba ta."

Yau wata huɗu. Kullum da la'asar ina jin Baban Auta ya jingina kekensa a ƙofa, ya yi sallama. Ya sake yi. Daga ciki sai ƙarar tsintsiya.