Wasan Ranar Talata

Harouna na tura Hajiya Sauda a keken marasa lafiya ta gaban shagunan turare sai ya hango wasu dogayen 'yan mata a bakin ƙofar shiga jirgi, dukansu cikin korayen riguna iri ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a filin jirgin JFK na Amurka. Tun da ya kama aikin tura tsofaffi da marasa lafiya zuwa jiragensu ya saba ganin 'yan wasa suna wucewa da manyan jakunkuna. Abin da ya tsayar da shi wata ce a cikinsu mai baƙin hijabi, ta tsaya a kan ƙafa ɗaya ta maƙale ɗayar a bayan gwiwa. Tun tana ƙarama haka take tsayuwa, uwarta ta yi faɗa har ta gaji.

Safiyar Talata ce. Ranar Talata kuwa 'yarsa Raudatu asibiti take zuwa koyon aikin jinya.

"Kai ɗan Nijar, mai ne ya ƙare?" in ji Hajiya Sauda daga cikin keken. Tsohuwa ce 'yar zangon Kumasi, za ta wurin ɗanta a wata jiha. Da yake ba ta jin Turanci, sai masu raba aiki suka haɗa ta da Harouna, tun daga nan kuwa ba ta rufe baki ba.

"Hajiya, ki yi mini haƙuri kaɗan. 'Yata ce waccan."

"Wace? Doguwar? Kai da ba ka wuce kafaɗata ba, ina ka samo wannan?"

Bai yi dariya ba. Ya karkata keken ya nufi ƙofar.

Ya san da wasan yau, ai shi ya fi kowa sani. Tun kafin sanyi ya shigo Raudatu ta buga masa waya ta ce rukunin ƙananan jami'o'in da suke gasar ƙwallon kwando tare sun ƙulla yarjejeniya da wata tashar talabijin, za a riƙa nuna wasanninsu. A ranar bai iya cin abinci ba don murna. A Zinder inda ya tashi, talabijin ɗaya ce a unguwarsu, a sarari ake kafa ta jama'a su taru, kuma ba kowa ke fitowa a cikinta ba sai shugaban ƙasa da manyan 'yan kokowa. Ga shi yau 'yarsa ta cikinsa za ta fito. Ya sayi goro da dabino ya raba a masallacinsu na Concourse Village. Abokinsa Yacouba, mai shagon kayan abinci a Fordham Road, ya rataya sabuwar talabijin a bango, ya ce ranar wasan farko a shagonsa za a taru. Yau ce ranar. Har ƙanen Harouna da ke gida an nuna masa yadda zai kama tashar a waya, ya kai wa tsohuwarsu ta ga jikarta.

Shi dai a zatonsa masu talabijin ne za su ɗauko kayansu su zo makarantar, yarinya ta tashi daga asibiti, ta yi sallar magariba, ta shiga fili. Ko a mafarki bai kawo jirgin sama ba.

Raudatu ta gan shi tun kafin ya iso. Ta sauke ƙafarta, ta cire abin jin waƙa daga kunne, ta rabu da ƙawayenta ta tare shi a gefen wani ginshiƙi.

"Baba, ina kwana." Da Hausa ta gaishe shi. Ita da kullum in ya yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ba ta juyowa Hausa sai in ta san akwai magana.

"Ina za ki?"

"Wasa. A can za a yi, wajen Ohio."

"Ba asibiti kike da shi yau ba?"

Ta dubi ƙasa, sannan ta durƙusa kaɗan ta gaishe da tsohuwar da ke cikin keken. Hajiya Sauda ta amsa tana ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Tambayarki nake yi."

"Ina da shi. Sha biyu na rana."

"To?"

Ta ja numfashi, ta shiga yi masa bayani, tana yi tana tsayawa neman kalma. Ta ce Asabar da Lahadi na manyan jami'o'i ne, su ake nunawa, su ake kallo. Tashar ba ta da gurbi sai Talata da Laraba, su ne ranakun da ta saya, don haka aka kwashe wasanninsu aka zuba a can. Kuma tashar ta ce garuruwansu sun yi kaɗan, tana son masu kallo a wasu jihohi, shi ya sa aka shigo da makarantu masu nisa cikin rukunin. Bara a bas suke zuwa su dawo a ranar. Bana sai jirgi, sai kwana.

"Su shugabannin makarantar ba su san kuna karatu ba?"

"Sun sani. Sun ce in ba a karɓa ba, rukunin ne zai watse. Wasu makarantun har sun fara neman ficewa."

"Malamarku ta asibiti fa, me ta ce?"

Nan ne muryarta ta yi ƙasa. "Na riga na yi fashi lokacin wasannin gwaji. Ta ce in na ƙara, za a cire ni daga ajin jinya na bana. Kuma baɗi sai in an sami gurbi."

"In kin ƙara yaushe?"

"Yau."

Harouna ya ƙara riƙe hannun keken. Ya tuna ranar da aka ba ta tallafin karatu saboda ƙwallo, ya zaunar da ita a falo ya ce ya yarda, amma da sharaɗi, ƙwallo ita ce motar, jinya ita ce garin da za a je. Uwarta shekara da shekaru tana kwana a gidajen mutane tana kula da tsofaffinsu ba tare da takardar shaida ba, duk burinta ta ga Raudatu da farar riga a asibiti.

"In ba ki hau jirgin ba fa?"

Ta waiga wajen mai horar da su, wani farin mutum mai furfura da ke tsaye yana magana a waya. "Koci ya ce wadda ba za ta iya tafiye-tafiye ba, ba zai iya yi mata alkawarin baɗi ba. Ka san kuma tallafin da ƙwallon yake tafiya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba. "Baba, goro ka raba. Ranar Juma'a na je shagon Kawu Yacouba, ya kira mutane daga titi su zo su ga 'yar talabijin. Kaka ta aiko mini da saƙon murya tana kuka tana sa albarka. Ta yaya zan ce maka ba ni cikin wasan farko?"

Hajiya Sauda ta yi gyaran murya.

Harouna ya tsaya kamar an dasa shi. Da ya nufo ta, faɗa ya zo yi, har ya shirya maganganun a ransa: an shigo Amurka an koyi ƙarya, an mai da wasa gaba da karatu. Yanzu ya neme su ya rasa. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ko da yake an hana su waya a bakin aiki, ya kira Yacouba, ya buɗe murya yadda za ta ji.

"Uban tauraruwa!" in ji Yacouba. "Tun da safe? Ka ƙagu ke nan."

"Yacouba, taron yau a fasa."

"A fasa? Kai, na riga na sa mai tsire ya yanka nama! Mutanen Harlem ma sun ce za su hau jirgin ƙasa su zo."

"Ku ci namanku, ku kunna kokowa ku kalla. Ni ne na yi gaggawa."

Yacouba ya fashe da dariya. "Harouna, faɗa mini gaskiya. Ko 'yar taka a benci take zama, kana tsoron mu gani?"

Raudatu ta buɗe baki, don duk rukunin babu mai cin ƙwallo kamarta. Harouna ya ɗaga mata hannu.

"In an tambaye ka, ka ce haka ne," in ji shi, ya kashe wayar.

Ya san abin da ya saya wa kansa. Har azumi ya zo ya wuce ba za su bar shi ya sha shayi lafiya a Fordham Road ba.

"Kaka kuma ni zan yi mata magana," ya ce. "Yanzu babu mai jiranki a gaban talabijin. Babu ko mutum ɗaya."

Ya ɗauka za ta saki fuska. Sai ya ga hawaye ya cika mata ido.

"Ba kai kaɗai ba ne, Baba. Ina son wasan." Ta share ido da bayan hannu. "Ina sonsa sosai. Kuma biyu daga cikinmu sun ji ciwo, in ban je ba za a ci mu."

Bai taɓa tambayarta wannan ba. Shi dai ya ɗauki ƙwallon hanyar samun karatu ce kawai, daga baya kuma ta zama abin faɗa a cikin mutane. Cewa yarinyar na son abin don kansa, bai taɓa zama ya yi tunani ba. Ya san in ya ce kada ta hau, ba za ta hau ba. Ya kuma san za ta riƙe abin a ranta, duk ranar da aikin asibiti ya yi mata ɗaci ta tuna wanda ya sauke ta daga jirgi. Maganar ta zo masa har bakin harshe, ya haɗiye.

Aka yi sanarwar jirgin Hajiya Sauda, ƙofarsa kuma na can ƙarshen zauren.

"Ni ga aikina," ya ce. "Allah ya yi miki zaɓi."

Ya juya keken ya tafi, ya hana kansa waiwaye.

Sun yi nisa kafin tsohuwar ta yi magana. "Da ni ce, da kunne zan kamo ta in fitar da ita waje."

"Hannuna ba ya kaiwa kunnenta, Hajiya."

Ta yi dariya har da tari. Da suka isa, ya raka ta har bakin jirgi, ya miƙa jakarta ga ma'aikaciya, ya bayyana mata da Turancinsa cewa tsohuwar ba ta cin naman da ba na halal ba. Hajiya Sauda ta kama hannunsa ta matse, ta yi wa 'yarsa addu'a, ta shige.

A hanyar dawowa bai yi sauri ba. Har ya yi niyyar bi ta wani gefen don kada ya gani, ƙafarsa dai ta kai shi. Ƙofar ta rufe, korayen riguna sun ɓace, mai shara na bin tsakanin kujeru yana tsince kofuna. Ta gilashi ya ga jirgin ana ja da shi baya a hankali.

Sai ga Raudatu zaune a kujerar ƙarshe, jakarta a tsakanin ƙafafunta, tana kallon jirgin.

Ya zo ya tsaya a gefenta. Ba ta juyo ba.

"Koci bai ce komai ba," ta ce. "Na gaya masa, ya gyaɗa kai, ya juya ya kira wata. Ko faɗa bai yi mini ba."

Harouna ya so ya ce ta yi daidai, amma bai san ko daidai ɗin ba ne. Baɗi na nan tafe, kuma shi da uwarta ba su da abin da za su riƙe ta a wannan jami'a in aka janye tallafin. Ya duba agogo.

"In kin hau jirgin ƙasa zuwa tashar Jamaica yanzu, za ki isa da sauran lokaci. Kin ci wani abu?"

Ta girgiza kai. Ya ciro burodin da ya yo guzuri daga aljihun rigarsa ya ba ta. Suka taka tare har inda ma'aikaci ba ya wucewa sai da izini. A nan ta tsaya, ta zuge koriyar rigar ta cire.

"Ba zan shiga asibiti da wannan ba. Malamar za ta gani."

"Ana sanyi a waje."

Ya cire rigar sanyin da ke ƙarƙashin ta aikinsa ya miƙa mata. Ta sa, hannayen rigar ba su kai mata wuyan hannu ba. Ta naɗe koriyar da kyau, lambarta a ciki, ta ɗora masa a hannu.

"Ka ajiye mini. Kada Mama ta wanke ta da ruwan zafi."

Ta fita da sauri, doguwa a cikin jama'a, yana hango baƙin hijabinta har ta sha kwana. Na'urar da ke ƙugunsa ta yi ƙara, ana neman mai keke a ƙofa ta goma sha huɗu. Harouna ya rasa inda zai sa rigar, sai ya rataya ta a kafaɗa ya amsa kiran.