Jan Layin Darakta

Gudu bai taɓa kashe inji ba, tausayi ne ke kashe shi. Wannan ita ce matsayar Darakta, kuma ba a littafi ya same ta ba. Shi ya gano ta da kansa bayan ya yi ritaya daga ofishin adana takardu, inda ya shekara talatin bai taɓa riƙe sifana ba. Yakan faɗe ta a layin gidan mai, a ɗakin jiran likita, har ga wanda ya tsaya tambayar hanya kawai. Hujjarsa tana fake a ƙofar gida: tsohuwar mota mai silinda shida, shekararta talatin da ɗaya, wadda masu sayar da kayan gyara ke yin murmushi in an ambaci sunanta.

Kowace Asabar da ƙarfe tara yakan kai ta doguwar hanyar da ke bayan ɗakunan ajiya, ya sa giya ta biyu, ya danne totur har allurar agogon inji ta hau jan layi, juyi dubu shida a minti ɗaya. Sai ya ƙirga goma, ya ɗaga ƙafa, ya koma gida ya ci abinci da kyau. Wai buɗe mata ƙirji yake yi.

Mutum ɗaya ne ya san abin da ya sa injin bai tarwatse ba, shi ne Auta, ƙanin matar Darakta. Bakanike ne, gemunsa ya yi fari, amma a dangi har gobe Auta ne. Shekara goma sha bakwai da suka wuce agogon asali ya mutu, Auta ya ɗaura wani. A bayan sabon akwai ɗan maɓalli mai lamba huɗu, shida, takwas, ana saita shi daidai da yawan silindar mota. Auta ya dubi injin da ƙarafansa suka riga suka cinye juna, ya dubi mijin yayarsa, ya mayar da maɓallin kan huɗu. Tun daga ranar agogon ke ƙara rabi a kan gaskiya. In allura ta ce dubu shida, injin yana dubu huɗu, iyakar abin da tsohon inji irin wannan zai ɗauka ya kwana lafiya. Darakta yana samun jan layinsa, injin yana samun ransa, kowa na gode wa Allah.

Ranar Asabar ɗin nan Auta yana durƙushe yana wanke fulogi a cikin gwangwanin fetur sai Dogo mai gyaran wayarin mota ya shigo garejin yana goge hannu. Shagonsa na uku ne a layin, kuma duk layin an san aikinsa ba ya dawowa.

"Ka gode min," in ji Dogo. "Jiya na rufa maka asiri."

"Wane asirin kuma?"

"Mijin yayarka ya kawo gyaran hon. Ina kwance ƙarƙashin sitiyari sai na ji inji na tafiya a hankali, allura kuwa ta wuce dubu. Na leƙa bayan agogo, ashe maɓalli a kan huɗu yake. Mota mai silinda shida! Na ce lallai Auta barci yake ranar da ya ɗaura wannan. Na gyara, ban gaya masa ba, kada ya raina ka."

Auta ya saki fulogin a cikin fetur. Ya dubi agogon bango: tara saura minti biyar. Yanzu allura gaskiya take faɗi, kuma Darakta ba zai ɗaga ƙafa ba sai ta hau ja. Dubu shida na gaske. A dubu biyar ma fistin zai iya fasa cikin injin ya leƙo waje ya ga gari, kuma irin wannan injin ko a bola an daina samunsa.

Ya kira Darakta, waya a kashe. Yana daga cikin ƙa'idojinsa: ba ya haɗa tuƙi da surutu, sai dai in shi ke yi. Ya kira Yaya.

"Yanzu ya fita," in ji ta. "Lafiya? Muryarka kamar wanda aka biyo."

"Lafiya lau, Yaya. Gaisuwa ce."

"Kai da ba ka gaisuwa sai kana neman wani abu?"

Ya kashe wayar, ya buga babur, ya ce wa Dogo ya hau. A hanya ya yi masa bayani da ƙarfi, iska na kwashe rabin maganar.

"Kana nufin da gangan ka yi?" in ji Dogo a kunnensa.

"Da gangan."

"Shekara goma sha bakwai kana yi wa dattijo ƙarya da allura?"

"Ba ni na yi ba, allura ce. Ni maɓalli kawai na taɓa."

"Ai da ka liƙa takarda a wurin."

"In rubuta me? A bar wannan kuskuren, yana aiki?"

Sun sha kwanar ɗakunan ajiya ke nan suka jiyo shi daga nesa, kukan injin yana hawa, yana sirancewa, ya wuce inda Auta ya saba jin ya tsaya. Auta ya ƙara wa babur wuta. Sai kukan ya yanke. Auta ya san shiru iri biyu ne ke biyo bayan irin wannan kuka, kuma ɗayan yakan zo da baƙin mai a kan kwalta.

Motar tana fake a gefen hanya. Kafin ya gaida kowa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Kwalta a bushe. Sai a lokacin ya lura injin ma bai mutu ba, yana ta tafiyarsa a hankali kamar tsoho mai jan carbi. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotar. Babu ƙwanƙwasa. Ya daɗe a haka fiye da yadda aikin ke buƙata.

Darakta yana tsaye da hannu a baya, kamar mai duba ma'aikata.

"Gara da kuka zo," in ji shi. "An lalata min agogo."

"Me ya faru, Yallaɓai?" in ji Auta.

"Na danna kamar kullum. Injin ya kai muryarsa ta dubu shida, muryar da na sani kamar ta matata, allura kuwa tana kan huɗu tana kallona. Na ƙara kaɗan, sai ya fara wani kuka da ban taɓa ji ba. Na ce a'a. Ni ba na biye wa allura in bar kunnena. Inji ba ya tsoron gudu, amma ban ce a kai shi dubu bakwai ba."

"Gaskiya ne," in ji Auta. Bai taɓa yarda da wata magana ta mijin yayarsa da zuciya ɗaya haka ba.

Darakta ya juya ga Dogo. "Kai ne ka shiga ƙarƙashin sitiyarin nan jiya. Hon na kawo maka. Me ka taɓa?"

Dogo ya dubi Auta. Auta ya sunkuya yana goge sandar mai da ta riga ta bushe. In Dogo ya faɗi gaskiya, Darakta ba zai ce an cece shi ba. Zai ce shekara goma sha bakwai ana tauye wa motarsa haƙƙi, kuma Asabar mai zuwa zai biya ta duka, da kunne ko babu kunne. Dogo ma ya san haka. Ya dubi injin, ya dubi dattijon.

"Kuskurena ne, Yallaɓai. Hannuna ne ya bugi maɓalli."

"Na sani. Tambaya ce kawai na yi don in ga ko za ka amsa. Shekara nawa kana wannan aikin?"

"Ashirin da takwas."

"To ka gani? Yawan shekaru ba ilimi ba ne. Auta, kai da kake ƙaraminsa, ka riƙa nuna masa. Ni ba zan ɓata masa suna ba, sai dai duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa ya sa ido."

Duk wanda ya san Darakta ya san ba ya jiran a tambaye shi.

Dogo ya karɓi sukundireban daga hannun Auta, ya cire hularsa ya ajiye a kan kujera, ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, dogayen ƙafafunsa a waje a kan kwalta. Mayar da maɓallin kan huɗu bai kai minti ɗaya ba. Allura ta ɗaga kai ta koma inda ta saba.

"Yauwa," in ji Darakta. "Ka ga yadda ake yi? Nan gaba in ba ka gane abu ba, ka tambaya."

"Na gode, Yallaɓai," in ji Dogo daga ƙasa, yana ɗaure sukurori ɗaya bayan ɗaya.