Askin Daso

Tukur wanzami ne, mutumin Damagaram. Ya daɗe a garin Tamanrasset, can cikin hamada, yana shimfiɗa tabarmarsa a inuwar wani bango kusa da kasuwar Assihar. Matarsa Daso mai kitso ce, kuma ita kanta Allah ya ba ta gashi har gadon baya. Maƙwabta kan yi musu tsiya cewa ba kan da ke shiga gidansu ya fito yadda yake, na maza a kwashe, na mata a gyara.

A shekarar 1986 ciwon kai ya kama Daso. Daga baya gani ya soma guje mata ta gefe da gefe, har ta riƙa bugun kafaɗa da ƙyauren ɗakinta. Layin kitsonta, wanda a da ake misali da shi, ya fara karkacewa, mata suka ji nauyin faɗa mata. Tukur ya kafa mata ƙaho a ƙeya, ya maimaita, bai ga sauƙi ba. Ya san iyakar sana'arsa: ƙaho abin da ke ƙarƙashin fata yake jawowa, wannan kuwa yana can ciki.

Suka je asibiti tare da autarsu Kubura, wadda ta gama lekkol, wato makarantar boko, don ta yi musu tafinta. Likitan, wani Balarabe mai suna Hasan, ya sa Daso ta kafa ido a hancinsa, ya riƙa kawo yatsa daga gefe. Sai yatsan ya zo dab da fuskarta take ganinsa. Bayan an ɗauki hoton ƙashin kanta ya zaunar da su.

"Ya ce yana zaton wata jaka ce mai ruwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa," in ji Kubura. "Tana danne jijiyoyin ido. In an bar ta, Inna za ta makance."

"A tsaga kan ke nan?" Tukur ya tambaya.

Likita ya girgiza kai, ya yi bayani a hankali, Kubura na bin sa da fassara. A wani babban asibiti can arewa, bakin teku, akwai zobe na ƙarfe da ake kafa wa mara lafiya a kai, jikinsa duk zane kamar awon tela. Da zoben a kanta za a sa ta cikin na'ura mai ɗaukar hoton cikin kai yanki-yanki, kamar ana yanka albasa amma ba wuƙa. Zanen zoben yana fitowa a hoton. Daga nan ake karanta inda jakar take: nisanta daga dama, nisanta daga goshi, da zurfinta. Sai a ɗora wani ƙarfe mai siffar baka a kan zoben, a daidaita shi da wannan lissafi, a huda ƴar ƙaramar kafa, doguwar allura ta bi bakan ta sauka cikin jakar. A zuƙe ruwan, a zuba magani a ciki don kada ta sake cika. Maganin ba zai taɓa sauran ƙwaƙwalwa ba.

Tukur ya dubi hannunsa na dama. "In hannun mai allurar ya yi rawa fa?"

"Ya ce ƙarfen ne ke riƙe da allurar, Baba. Hannu turawa kawai yake yi."

Tukur ya jinjina abin. Shi da idonsa ke kan fatar da yake tsagawa ma sai ya riƙe numfashi, ga wasu sun samo dabarar kai magani inda ido bai taɓa gani ba.

Sai Daso ta sa baki. "Aski fa?"

Likita ya ce za a aske wurin da allura za ta shiga. Tukur ya tambayi ko wane wuri ne. Likita ya ce ba mai sani sai hoto ya nuna.

A gida Daso ta kafe. Ta ce tun da aka yi mata askin suna aska ba ta sake hawa kanta ba, kuma ba za ta tsufa ta kwance ɗankwali gaban wani ƙato ya riƙe mata kunne yana kankara ba.

"To ki zauna ki makance?" in ji Kubura.

"Ke rufe min baki. Da ubanki nake magana."

Tukur bai yi gardama ba. Ya bar ta ta huce, ya yi ta juya maganar yana wasa aska. Sannan ya zo mata da shawara irin ta wanzami. Tun da ba a san wurin ba, shi zai aske kan duka, ta yadda duk inda hoto ya nuna za su tarar an riga an share musu, ba askar baƙo da za ta taɓa ta.

Daso ta daɗe tana shafa kitsonta. "Kai za ka yi, maigida?"

"Ni zan yi."

Da hantsin ranar tafiya ya rufe ƙofar gida. Kubura ta tsefe kitson, ya rage gashin da almakashi, ya jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu. Bai taɓa yi wa mace aski ba, bai kuma taɓa yin aski a natse kamar wannan ba. Daso ta ƙi karɓar madubi. "Me zan gani a ciki?" ta ce. Ta ɗaura ɗankwali biyu, suka hau jirgi ita da Kubura.

Tukur ya koma tabarmarsa. Duk kan da ya kama a makonnin nan, sai ya tsaya yana kallonsa yana tunanin abin da ke ciki, har wani direba mai zuwa garin In Amguel ya ce, "Wanzam, aski na zo, ba duba ba."

Ranar da suka dawo, Daso ta shigo ƙofar ɗaki ba ta taɓa ƙyaure ba. Tukur ya lura, amma bai yarda ya yi murna ba tukuna. Ta zauna, ta ba shi labari. Ba a ma sa ta barci ba, an dai kashe mata fatar wurin. Tana jin likitoci suna karanta lambobi, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya maimaita, ɗaya ya murɗa ƙarfe. Ba a jima da zuƙe ruwan ba ta soma ganin bangon ɗakin ta gefen ido.

"Mu gani," in ji Tukur.

Ta zame ɗankwali. Gashi ya fara tsirowa. Ya bi kan da yatsa: tabo huɗu ƙanana inda zoben ya kama, biyu a goshi biyu a baya, kowanne daidai da ɗan'uwansa. A sama kuma ɗinki ɗaya, babban yatsansa ya rufe shi ruf.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ta nan suka kai har can? Kai, Allah ya yi wa hannuwan nan albarka."

"Shi ke nan fa, Baba," in ji Kubura tana danne dariya. "Iyakar nan suke askewa. Kuma mai askin ma mace ce."

Daso ta miƙa hannu. "Ba ni madubin."

Ya ciro shi daga zabira ya ba ta. Ta juya kai dama, ta juya hagu.

"Gashin da na yi rabin rayuwata ina tattali, saboda wurin da bai kai yatsa ba! Maigida, ka cuce ni."

"Ke kika yarda."

"Na yarda ne ina makauniya."

Ana haka maƙwabciyarsu Azumi ta yi sallama, ta shigo ta gefen zaure, gyalenta ya zame baya. Daso ba ta ko waiwaya ba, fuskarta na kan madubi.

"Azumi, wa ya yi miki wannan aika-aika a kai? Layin hagun nan ina ya dosa, garin Idlès?"

Azumi ta dafe kai, ta tsaya turus. Tukur ya dubi inda take tsaye, can gefe, wurin da a da yatsan likita ma ba ya ganuwa.

"Kubura," ya ce, "ɗauko wa innarki tsinken kitso."